Tsegumin Ma'aikata Da Amanar Masu Ajiya A Bankuna

A yawancin ma'aikatu, tsegumi ɓata lokaci yake yi da raba kan abokan aiki. A banki kuwa, yana iya kai wa ga rufe ƙofa.

Dalili shi ne banki ba ya tara kuɗin masu ajiya a asusu yana jiran ranar da za su zo karɓa. Kaso mai yawa yana ba da shi rance ga 'yan kasuwa da masana'antu na watanni ko shekaru, ya riƙe abin da zai ishi buƙatar yau da kullum. Saboda haka idan masu ajiya suka yi dafifi a rana guda, ko banki mai ƙoshin lafiya sai ya jigata. Jita-jitar da ta fara a matsayin ƙarya sai ta zama gaskiya da kanta.

Maganar da ta fito daga bakin ma'aikaci ta fi kowace saurin karɓuwa, domin ana ɗauka ya ga littattafai da idonsa. Sau da yawa mai biyan kuɗi a kanta bai san komai ba ban da layin da ke gabansa, amma idan ya raɗa wa ɗan'uwansa cewa ya kwashe kuɗinsa, kafin la'asar labarin ya zaga kasuwar Balogun a Legas ko babbar kasuwar Onitsha.

'Yan Nijeriya suna da hujjar fargaba. A watan Janairu na 1998 Babban Bankin Nijeriya ya soke lasisin bankuna 26 a lokaci guda, aka miƙa su ga Hukumar Inshorar Ajiya, NDIC, wadda aka kafa a 1988. Bayan haɗewar 2005 da ta mayar da bankuna 89 zuwa 25, gasa ta yi zafi har ma'aikatan wasu bankuna suka riƙa ɓata sunan abokan hamayya domin janye masu ajiya, abin da ya sa Babban Bankin ya fitar da takardar gargaɗi a 2008. Wayar hannu ta ƙara wa lamarin gudu: a Amurka, ranar 9 ga Maris 2023, masu ajiya sun nemi fitar da dala miliyan dubu 42 daga Silicon Valley Bank, washegari hukuma ta rufe shi.

Sai dai kame baki daga tsegumi ba ya nufin rufa wa almundahana asiri, kuma a nan ne wasu shugabanni ke fakewa. A watan Agusta na 2009 Sanusi Lamiɗo Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar, Babban Bankin ya zuba musu naira miliyan dubu 420. Rancen da ya lalace ya taru ne a gaban ma'aikata masu yawa.

Wanda ya ga ɓarna yana da sashen binciken kuɗi na cikin gida, da masu sa ido na Babban Banki da NDIC. Ga dukiyar gwamnati kuma, Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta ɓullo da tsarin kwarmata bayanai a Disamba 2016, da tukuicin kashi 2.5 zuwa 5 cikin 100 na abin da aka ƙwato. Waɗannan hanyoyi suna neman takarda, da kwanan wata, da adadi.