Makaɗan Zamfara da Ƙa'idar da Suka Ɗora wa Kansu

Duk wanda ya tashi a Mada, ko Tsafe, ko Bunguɗu, kunnensa ya saba da amon kotso da taushi. Amma kaɗan daga cikinmu ne suka taɓa tsayawa suka tambayi kansu, shin ta yaya makaɗan ƙasar nan suka tara waƙoƙi masu yawa haka, alhali kuwa da ka suke tsara su, ba da alƙalami ba? Mu a ganinmu, asirin yana cikin iyakar da kowannensu ya shata wa kansa.

Ku dubi Salihu Jankiɗi, haifaffen Rawayya ta ƙasar Bunguɗu, wanda ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, ya rasu a 1973. Taushi ya riƙe, da shi aka san shi har ƙarshen ransa. Alhaji Musa Ɗanƙwairo kuwa, wanda ya rasu a 1991, kotso ne abin kiɗansa. Sa'idu Faru ma ya ƙara wa kansa wani takunkumin, gama ya yanke cewa ba ya yi wa kowa waƙa sai sarki ko mai jinin sarauta. Attajiri komai dukiyarsa, sai dai ya saurara.

Wani zai ce ai wannan tauye kai ne. To, a duba yadda aikin yake tafiya. Makaɗin fada yakan fara kafa gindin waƙa, watau 'yan kalmomin da za a riƙa komawa gare su. Shi jagora ya kawo ɗan waƙa, 'yan amshi su karɓa su mayar da ita gindi. Sa'ad da suke amshin nan, shi ya sami sararin shirya ɗa na gaba. Kiɗan kuma ya riga ya auna masa tsawon kowace magana. Da yake an kashe shawarar abin kiɗa, da ma'auni, da wanda za a wasa, ba abin da ya rage masa sai zaɓen kalma. Don haka Sa'idu Faru ya nutsa cikin asalin sarakuna, da tarihin garuruwansu, da habaici ga abokan hamayyarsu, ya yi ta haƙa rijiya ɗaya har ta yi zurfi.

Har wa yau ga Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Kuntiginsa tsirkiya ɗaya gare shi tak, amma da shi ya yi wa ƙaren mota waƙa, ya yi wa ma'aurata gargaɗi.

Abin da ya sa muka kawo zancen nan shi ne, yau samarinmu masu sha'awar waƙa suna zama gaban kwamfuta mai ɗauke da amon kayan kiɗa barkatai. Yaro ya kwana yana ɗanɗana wannan yana sauya wancan, gari ya waye bai gama waƙa ko ɗaya ba. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa.

Saboda haka muna jawo hankalin malaman makaranta. In za ku sa yara tsara waƙa, kada ku ce su rubuta abin da suka ga dama. Ku ba su gindi ɗaya, da amsa-amo ɗaya, da baiti biyar, ku ce a kawo kafin a tashi. Lalle za ku ga alƙaluma sun motsa. Allah Ya ji ƙan magabata, mu kuma Ya ba mu ikon koyi da su.