Gyara Ko Kwalliya Kafin Sayar Da Gida?

Duk wanda bukata ta sa ya kai gidansa kasuwa, tambaya guda ke gabansa: ya kashe kuɗi wajen gyara, ko kuwa ya share, ya shafa fenti, ya kira dillali?

Mai saye yakan fara ɗaga kai ne ya dubi rufi, domin tabon yoyon damina ba ya ɓuya ƙarƙashin fenti. Saboda haka kwano, indararo da masai su ne suka cancanci kuɗi. Amma tayil mai tsada, sau da yawa sabon maigida yakan fasa shi ya sa wanda ransa ke so.

Sannan ga batun takarda. Bisa Dokar Filaye ta 1978, cinikin gida a birni ba ya tabbata sai da amincewar gwamna. Gida mai tsabta, marar yoyo, mai cikakkiyar takarda, shi ke samun tayi mai kyau.