Shirya Goɗiya Domin Barbara

Mai son samun lafiyayyen duƙushi, daga jikin uwar zai fara. Kada a kai goɗiya wurin ingarma sai ta cika shekara 3 zuwa 4, lokacin da ƙashinta ya yi ƙwari. Ramammiya ba ta cika ɗaukar ciki ba, mai ƙiba fiye da kima kuma takan sha wuya. A wadata ta da harawa, dusa, kanwa da ruwa mai tsabta, a ba ta maganin tsutsar ciki, sannan likitan dabbobi ya duba mahaifarta.

Goɗiya takan nemi namiji kusan duk bayan kwana 21, neman kuma yakan ɗauki kwana 5 zuwa 7. Idan ingarma ya matso, sai ta tsaya cak, ta ɗaga wutsiya, ta buɗe ƙafafun baya, ta riƙa fitsari kaɗan-kaɗan. Wadda lokacinta bai yi ba kuwa kwantar da kunne take yi ta kai harbi, don haka kada a tilasta mata.

Ƙwai yakan fito ne kwana ɗaya ko biyu kafin neman ya ƙare. Shi ya sa ake haɗa goɗiyar da ingarman ana tsallake kwana ɗaya, har sai ta ƙi shi da kanta.

Bayan kwana 14 zuwa 16 da yin barbarar, likita zai iya ganin cikin da na'urar hoto, ya kuma gano ko tagwaye ne, domin cikin tagwaye yakan zube. Ciki yana ɗaukar kimanin wata 11.