Wace Waya Ta Fi, iPhone Ko Android?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ɗan fili in tsoma baki cikin gardamar da akawuna da malamai ke yi kullum a kan wayoyin hannu masu intanet.

Da fari dai a sani, waya abu biyu ce, gangar jiki da manhaja, watau abin da ke tafiyar da ita. Kamfanin Apple na Amurka, wanda ya fito da iPhone a 2007, shi ke tsara jikin, shi ke rubuta manhajar, ba ya kuwa ba kowa. Android ta Google ce, wayarta ta farko ta fito a 2008, kuma maƙera da yawa ke sa ta. Samsung ta Koriya da Tecno da Itel na ƙasar Sin duk nono ɗaya suka sha, ko da yake kuɗinsu ya sha bamban.

Mai saye yakan tsaya duban kyamara da sheƙin baya. Ni a ganina abin tambaya shi ne, shekara nawa maƙerin zai yi yana sabunta manhajar? A 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da Android ɗinsu ba ta kai ta 5 ba, a 2025 kuma ya bar iPhone 6. Ga waya lafiyarta lau, ko tsaga babu, amma ba ta kai saƙo! A nan iPhone ta yi zarra, gama takan yi shekara biyar ko fiye ana sabunta ta. Samsung ta yi alkawarin shekara bakwai ga Galaxy S24 a 2024, amma da yawa daga cikin wayoyin Android masu araha ba a daɗewa ake barinsu.

Wajen amfanin yau da kullum kuwa, labari ya sauya. Inda lantarki ba shi da tabbas, babban batir ya fi kyakkyawan hoto, Tecno kuwa tana da shi, ga gurbin layi biyu. In gilashinta ya fashe, mai gyara a Farm Centre ta Kano zai sake shi da kuɗi kaɗan, na iPhone kuwa sai an yi shiri.

Masu sayen ta hannu, ku lura. Tun daga iPhone 14 ta 2022, waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka ba su da gurbin layi ko ɗaya, sai eSIM da ake rubutawa cikin wayar. A juya gefenta a duba kafin a ƙirga kuɗi.

Wassalam. Ni ne naka,
Wani Akawu, Zariya.