Itacen da Ake Narkarwa Ya Zama Tufa

A kasuwannin Birnin Kebbi da Argungu ana sayar da wasu yadudduka da mayafai masu santsi da sanyi a jiki, waɗanda mai saye kan ɗauka auduga ce ko siliki. Da yawa daga cikinsu da zaren biskos aka saƙa su, shi kuwa biskos daga itace ake samunsa.

Kusan rabin nauyin busasshen itace wani sinadari ne mai suna selulos, wanda shi ne ainihin zaren auduga. Sauran kuwa akwai lignin, wani irin danƙo da ke riƙe zaruruwan wuri guda. A masana'anta akan daddatse itace, a dafa shi da sinadarai har danƙon ya fita, sannan a wanke, a busar. Idan selulos ɗin da ya rage ya haura kashi 90 cikin ɗari, an sami abin da ake kira ƙullun itace mai narkewa. Bambancinsa da ƙullun takarda shi ne, ana narkar da shi cikin soda da wani sinadari mai guba ya zama ruwa mai kauri, sannan a matso shi ta ƙananan ramuka ya daskare ya zama zare. Wasu masana uku na Ingila, Cross da Bevan da Beadle, su ne suka yi rajistar wannan dabara a 1892.

Shekaru masu yawa ƙasashe masu arziki ne suka riƙe cinikin wannan ƙullu: Amurka da Kanada da Suwidin da Austiriya. Suna da dazuzzuka da jari da wutar lantarki. Amma a ƙasashen sanyi itace kan yi shekara sittin ko fiye kafin ya isa sara, alhali a Barazil bishiyar turare kan isa cikin shekara bakwai. Wannan ya sa ciniki ya karkata kudu. Masana'antar Saiccor da ke Umkomas, kusa da Durban a Afirka ta Kudu, ta fara aiki a 1955, kuma tana iya samar da fiye da tan 700,000 a shekara, wanda kusan duka waje ake kai shi. A 2022 an buɗe wata a jihar Minas Jerais ta Barazil mai ƙarfin tan 500,000. Babbar mai saye ita ce Sin, inda ake mayar da ƙullun zare.

Saboda haka ba daidai ba ne a ce masu arziki kaɗai ke fitar da wannan haja. Sai dai a cikin ƙasashe masu tasowa 'yan ƙalilan ne suka shiga, kuma sau da yawa da jarin kamfanonin waje. A Afirka, in an cire Afirka ta Kudu, sauran ƙasashe ba sa samar da wannan ƙullu. Nijeriya ta gina masana'antun takarda a Jebba da Oku Iboku da Iwopin, amma babu wadda ta yi ƙullu mai narkewa, kuma duk sun durƙushe a shekarun 1990.

To ina matsayin kwarin Rima? Damina a nan ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, kuma itacen da ake da shi bai ishi girki da tare hamada ba, balle masana'anta. Amma selulos ba a itace kaɗai yake ba. Gajeren gashin da ke manne da gurya bayan an gurza auduga kusan selulos ne zalla, kuma tun da daɗewa ake yin ƙullu mai narkewa da shi. Haka nan kusan kashi ɗaya cikin uku na tattakar shinkafar da ake ƙonawa a fadamun Argungu selulos ne, ko da yake tana ɗauke da sinadarin yashi mai yawa da ke wahalar da injuna. Ɗalibin da ya iya gano hanya mai araha ta raba wannan yashi da tattaka zai mayar da abin da ake cinna wa wuta hajar sayarwa.