Daren Karu: Tsakanin teburin mai shayi da shagon caca

Hausawa na cewa dare mahutar bawa, amma ma'aikacin da ya taso daga Sakatariyar Tarayya zuwa Karu sai ya fanshi hutunsa da sa'o'i a cunkoson hanyar Abuja zuwa Keffi. Sau da yawa a gangaren Kugbo magariba ke riskarsa. Shi ya sa hira a Karu ba ta kankama sai bayan isha'i.

A lokacin ne masu tsire da balangu ke hura wuta, mai shayi ya jera bencinsa, janareto ya ɗau ƙara a gidajen kallon ƙwallo. Wanda aljihunsa ke da ɗan nauyi kuwa, tun a hanya ya ratse kasuwar Mami ta barikin Mogadishu domin gasasshen kifi. Sai dai kusa da gidan kallon akwai wata ƙofar da ba ta rasa masu shiga: shagon cacar wasanni.

A biranen caca irin su Las Vegas, kiɗa da abinci da wasanni duk dabara ce ta tsayar da baƙo kusa da teburin caca. Abuja ma tana da irin wannan teburi a otal ɗin Transcorp Hilton da ke Maitama, amma na masu hannu da shuni ne. Ƙaramin ma'aikaci nasa yana shagon unguwa, ko cikin wayarsa, a manhajojin Bet9ja da SportyBet.

Da naira 100 ko 200 ake farawa. Mutum ya haɗa wasanni goma a tikiti guda. Kowane wasa na ninka ribar da ake kwaɗaita masa, amma ɗaya ya kuskure, duka sun tafi. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ke lashe albashi, mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a Yulin 2024 kuma naira 70,000 ne. A irin wannan matsi, tikitin kan yi kama da mafita, alhali rami ne.

A Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa dokar caca ta ƙasa ta 2005 ba ta da hurumi a jihohi, sai a Babban Birnin Tarayya kaɗai. Ke nan shagon da ke Mararaba na ƙarƙashin Jihar Nasarawa, na Karu kuwa alhakinsa na wuyan Majalisar Tarayya. Hadiman da ke tsara wa 'yan majalisa ƙudurori, da yawansu ta gaban waɗannan shaguna suke wucewa kowane dare.