Drysalter: mai gishirin da ya koma fataucin rini

A tsofaffin kundayen sunayen 'yan kasuwar Landan da Mancesta akwai wata sana'a da yau Baturen Ingila ma sai ya buɗe ƙamus kafin ya gane ta: drysalter. Kalma biyu aka haɗa. Dry na nufin busasshe, salter kuwa mai sayar da gishiri ne, ko mai sa wa nama da kifi gishiri don su daɗe. Tun farkon ƙarni na 18 ake ganin kalmar a rubuce.

Wanda ya ji sunan zai zaci mai busasshen nama ne kawai. Yakan taɓa wannan, amma jarinsa na gaske yana cikin kayan rini. A rumbunsa akwai dunƙulen shuni daga Indiya, da guntayen itacen logwood daga gaɓar Kamfece a Meziko wanda ake dafawa a sami baƙi, da jar saiwar madder, da ƙaro da manne. Mafi tsada shi ne cochineal, wani ɗan ƙwaro da ke manne wa wani tsiro mai ƙaya a Meziko. Idan an shanya shi kamar tsaba yake, toka-toka, sai an murƙushe shi a ruwa ja ya ɓalle. A wancan zamani da shi ake rina jajayen rigunan hafsoshin sojan Birtaniya, ƙananan sojoji kuwa madder ce rabonsu.

To me ya haɗa gishiri da launi? Duk wanda ya san marina ya san shuni ba ya kama zane shi kaɗai, sai da ruwan toka. Haka ulun Turawa ba ya riƙe ja sai an fara jiƙa shi da alif. Alif da dangoginsa, a wurin masana sinadarai, duk gishiri ne. Mai gishirin ci ya riga ya san hanyar jirgi da awo da ajiyar kayan da ba sa son laima, don haka cinikin ya zo hannunsa cikin sauƙi. A ganina ba a ba mutanen nan haƙƙinsu ba a tarihin masaƙu. Ana yabon injin saƙa, ana mantawa da wanda idonsa ke rarrabe shunin ƙwarai da wanda aka cuɗa da ƙasa.

Faɗuwarsu ta faro a 1856, lokacin da William Perkin, yaro ɗan shekara 18, ya haɗa launin shunayya daga kwaltar kwal. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fito da shunin masana'anta, noman baba a Indiya ya durƙushe, marina suka koma saye daga kamfanonin sinadarai.

Duk da haka, ƙungiyar masu gishiri ta Landan, wadda Sarki Richard na Biyu ya ba izini a 1394, tana nan har gobe. Tun 1918 ta kafa cibiyar da ke tallafa wa koyar da ilimin sinadarai.